Zuwa Ga Ummi, Kafin Kwalekwalen Bappanki Ya Iso

Garwa, ranar Asabar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi, ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da abokan aiki masu jin tsoronsa. Na ba Innarki ita ta sa miki a ƙasan akwati, don kada ki gani sai kin isa. Kin san ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata kika ci. Shekara ashirin da shida ke nan ban iya zaunar da ke na yi miki doguwar magana ba, ko sunanki na yanka ban taɓa kira ba. To abin da ya gagari baki bari in gwada da alƙalami, ko da yake kin san rubutuna, sai ki yi haƙuri ki karanta a hankali.

Ba labarin gida zan ba ki ba, Innarki ta ishe ki da wannan a waya. Tun ranar da kika ci konkur, jarrabawar shiga aikin duwan, wato kwastan, nake murna haɗe da fargaba. Da takardar turawa ta fito, aka ce ofishin bakin kogi ne, can ƙasa kusa da iyakar Nijeriya, sai murnar ta tafi ta bar ni da fargabar. Ko ba ki sani ba, ko kin sani kin yi shiru, ta wajen wannan ofishin kwalekwalen ƙanena, Bappanki Hamadu, suke ratsawa. In za su tafi, shinkafar waje suke ɗauka, wadda aka hana fitarwa. In za su dawo, fetur ne da atamfa da robobi. Tafiya da dawowa ba su taɓa tsayawa sun biya ko sisi ba. Ba za ki yi wata uku a can ba sai kun haɗu. Dalilin takardar ke nan.

Kina tuna musun da aka yi a zaure ranar Juma'ar makon jiya, da kika kawo mana shayi, Bappanki ya tsokane ki ya ce ga babbar ma'aikaciya ta iso. Kika durƙusa kika ce:

"Bappa, ƙasa ma kamar gida ce. In abin da muke sayowa daga waje ya fi abin da muke sayarwa, kuɗinmu ne ke tsiyayewa. Da za a ɗora wa shinkafar waje haraji mai nauyi, da mutane sun koma wa tamu ta gida da ake nomawa a Maga, manomi ya samu, kuɗi ya zauna a gida."

Hamadu ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Allah ya ƙara wa harajin nauyi, 'yata. Ni duk shekarar da maƙwabtanmu na Nijeriya suka ƙara nasu, sabon kwalekwale nake saya."

Ni kuma, yadda na saba, ban dube ki ba. Hamadu na duba na ce, "Gaya mata haraji ba ya hana kaya shiga ƙasa, hanya kawai yake sauya musu. Talaka ya saya da tsada, gwamnati kuma ba ta ga komai ba."

Kanki a ƙasa kika ce, "To Baba, su wa suka nuna wa kayan sabuwar hanyar?"

Na miƙe na ce lokacin la'asar ya yi. Bai yi ba, da saura kusan awa guda. Gudu na yi, Ummi, tambayarki na guje wa. Yau zan amsa ta, kuma ba amsa mai daɗi ba ce.

Da shinkafar Maga na fara kasuwanci, tun ba a haife ki ba. Akwai wani manomi a can, Daniyel, Kirista ne, dogo, ba shi da yawan magana. Hausarsa ta kasuwa ce, amma ban taɓa jin ya yi ƙarya da ita ba. A lokacin ba ma rubuta takarda tsakaninmu, ba ma ba da kafin alƙalami. In shinkafa ta fara nuna, ɗan kasuwa sai ya aika wa manomi buhunan da babu komai a ciki, da alamarsa a jiki. Tawa layi biyu ce ta jan fenti a wuyan buhu. Manomin da ya karɓi buhunanka ya karɓi maganarka ke nan. Duk abin da ya zuba a ciki naka ne, ko wa ya zo da kuɗi a hannu ba zai sayar masa ba. Kai kuma dole ka je ka ɗauka, ko kasuwa ta hau ko ta faɗi. Shekara bakwai muna haka ni da Daniyel.

Sai wata shekara abinci ya yi tsada, mutane suna kuka, aka sassauta haraji a kan shinkafar waje. Ta taso daga Duwala, jirgin ƙasa ya sauke ta a Gaundare, tireloli suka cika Garwa da ita. Fara tas, babu tsakuwa, ba sai mace ta zauna tsinta ba, ga shi kuma ta fi ta Maga araha. Ni kuwa na riga na aika wa Daniyel buhunana. Na yi tunani irin na 'yan kasuwa, na kwashe jarina kaf na zuba a ta waje. Ban je Maga ba, ban aika kowa ba. Na ce a raina in ya ji shiru zai gane, ya sayar wa wani.

Bai sayar ba. Masu saye suka zo, ya ce musu wannan ta Sale ce, ku duba alama. Ya jira ni har damina ta faɗi, rumbunsa ya yi yoyo, shinkafar ta yi baƙi, wata ma ta tsiro a cikin buhu. Wata rana da hantsi ina zaune a bakin shago, sai ga shi da ƙunshi a ka. Ya sauke a gabana. Buhunana ne. Ya zazzage ruɓaɓɓiyar shinkafar, matarsa ta wanke su, ya ninke su ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Sale, ga kayanka. Ka duba ko sun cika."

Na shiga kame-kame. Na ce, "Daniyel, kasuwa ce ta juya mana. Ka san gwamnati ce ta cire haraji, ba yadda..."

Ya ce, "Gwamnati ba ta aiko min buhu ba."

Na sa aka kawo masa ruwa, bai sha ba. Na miƙa masa kuɗin mota, bai karɓa ba. A wannan shekarar ya cire 'ya'yansa biyu daga makaranta. Ban sake ganinsa ba har ya rasu, kuma ban je ta'aziyya ba saboda kunya. Buhunan na daɗe ban iya zuba komai a cikinsu ba, daga baya na ba wani mai gawayi.

Don haka ranar da kika ce a kare manomin Maga, gaskiya kika faɗa, kuma na fi ki sanin gaskiya ce, shi ya sa ta yi min zafi. In wani ya zo miki da maganar cewa a buɗe ƙofa kawai kaya su shigo kowa ya ci da araha, ki tambaye shi wa zai saya a hannun wanda ya riga ya shuka. Amma ki riƙe wannan ma: haraji bai kashe Daniyel ba, cire shi ma bai kashe shi ba. Saƙon baki ɗaya da zan aika a motar Maga ya isa ya cece shi, ban aika ba. Kada ki taɓa barin mutum yana jiranki alhali kin san ba za ki zo ba. Ko maganar ba ta da daɗi, ki faɗa masa da wuri.

Kuskure na biyu ya fi wannan girma, kuma shi ne ya shafe ki kai tsaye.

Muna nan da shinkafar waje jibge a Garwa, sai maƙwabtanmu suka ɗora wa mai shiga ƙasarsu haraji mai nauyi, don su ma suna so manomansu su tashi. Buhun da ke da araha a nan ya zama abin nema a Yola. Tsakaninmu kuwa kogin Binuwai ne kawai, kuma dangi ne a kowane ɓangare, kakanmu ma daga can ya zo. Ban ɓata lokaci ba. Na kama wani sito, muka riƙa farke buhun waje muna juye shinkafar a buhun da ba shi da rubutu, a ɗinke, a kai bakin ruwa.

A nan nake so ki tsaya, tun da ke ce mai karatun abin da ƙasa ta saya da abin da ta sayar. A takardun Yawunde, an rubuta cewa mu mutanen Kamaru ne muka cinye wannan shinkafa duka, ciki sai ka ce rijiya. Masu duba takarda suka ce ƙasa tana sayen abinci fiye da ƙima. A takardun maƙwabta kuma an rubuta cewa shigo da shinkafa ya ragu, haraji ya yi aiki, a yi tafi. Takardun nan biyu duk ƙarya suke, kuma ni da irina muka sa su yin ƙaryar. Duk lokacin da kika ga an kafa hujja da ma'aunin ciniki, ki tuna akwai kayan da ba su taɓa hawa wannan ma'aunin ba. Ta ruwa suka bi, ni na loda su.

Bappanki a lokacin tela ne. Ba ki san wannan ba, ko? Hannunsa yana da kyau, har daga Poli ake kawo masa ɗinkin salla. Yana zaman zamansa, abin da yake samu yana isarsa. Ni na je na same shi a shago na ce, "Har yaushe za ka zauna kana taka keke, ƙafa tana kumbura? Zo ka riƙe min bakin ruwa." Ya ce, "Yaya, ni tsoron ruwa nake." Na yi masa dariya, na ce namiji ne kai kuwa? Da hannuna na kira wanda ya sayi kekensa.

Akwai wani matuƙi da muke aiki da shi, Usmanu, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya san kogin nan kamar tsakar gidansa. Wata damina ruwa ya cika fal, labari ya zo cewa buhu ya ƙara tashi a can. Muna lodi da rana tsaka, Usmanu ya ce, "Alhaji, kwalekwalen nan ya ɗauki iya ƙarfinsa, a bar sauran sai gobe." Na ce gobe farashi zai jira ka? A ƙara. Ya dube ni, ya dubi ruwa, ya ce to. Ba za su iya bin tsakiyar kogi ba saboda ofis, sai suka bi wani reshe da ke zagayawa ta baya, inda ruwa ya shanye itatuwa. Suka hau kan kututture, kwalekwalen ya kife. Hamadu, da shi ma yake ciki, ya samu ya kama reshen itace. Usmanu kuwa igiyar da aka ɗaure kaya da ita ce ta naɗe masa ƙafa. Sai bayan kwana biyu aka same shi.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Innarki, shi ne wannan. Da mutumin da ya kawo labari ya ce min, "Alhaji, kwalekwale ya kife," kalmar da ta fara fita daga bakina ita ce, "Kayan fa?" Na je Makka sau biyu bayan haka, na yi kuka a can, amma har yau ina jin muryata tana faɗin wannan kalmar. Ina baƙin ciki da ita, kuma da ita za a binne ni.

Ga nasihata a nan. Wanda ya rubuta haraji yana ofis mai sanyi. Wanda ya ci ribar kauce masa yana zaune a kan darduma a Garwa, kamar ni. Wanda ke cikin ruwa shi ne bai da komai a ciki sai ladan wuni. In kika ga kwalekwale, ki sani mai riƙe da filafili ba shi ne mai kaya ba. Ki tsayar da shi, ki karɓe kayan in doka ta ce haka, amma kada ki yarda a bi shi da jirgi mai inji har a kife shi. Kada ki bari a dake shi a gabanki. Ki ba shi ruwa ya sha, ki tambaye shi sunan wanda ya ce a ƙara lodi. Kuma in wanda ya fi ki sanin aiki ya ce miki abu ya isa haka, ko da shi ne mafi ƙanƙanta a wurin, ki saurare shi.

Kuskure na uku shi ne wanda nake so ki karanta sau biyu.

An taɓa turo wani ma'aikacin duwan daga kudu. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi inda ya zauna ba. Mutumin kirki ne, irinki, ya zo da karatunsa da imaninsa cewa haraji ne zai gyara ƙasa. Na aika masa da ambulan, ya dawo da ita ko buɗewa bai yi ba. Abokaina suka ce wannan sai dai a nemi a ɗauke shi. Na ce ku bar min shi. Ban sake kai masa kuɗi ba. Gaisuwa kawai nake zuwa, in tambayi iyali, in tafi. Rannan matarsa ta kama naƙuda mai wuya, babu mota a garin sai tawa. Na ɗauke su da kaina na kawo su asibiti a Garwa, ta sauka lafiya. Wallahi rabin zuciyata don Allah na yi. Ɗaya rabin kuwa tun muna hanya yana murna.

Da Kirsimeti na kai masa rago, bai iya mayarwa ba, yaya zai mayar wa wanda ya ceci matarsa? Daga rago sai buhun shinkafa, daga nan sai ya zama in kayana za su wuce, shi yana can yana duba na wani. Bai taɓa cewa na yarda ba, ni ma ban taɓa roƙonsa ba. Haka abin yake tafiya. Da bincike ya zo daga sama, shi aka kama, aka kore shi. Ni ko kirana ba a yi ba. Bayan shekaru na gamu da shi a kasuwar Pitowa ranar Lahadi, ya shimfiɗa leda yana sayar da takalman gwanjo. Na so in kauce, ya riga ya gan ni. Shi ya fara gaishe ni, da fara'arsa. Ya ce, "Alhaji, yaron nan da motarka ta kai uwarsa asibiti ya shiga lise, babbar sakandare." Da zagina ya yi da na fi jin sauƙi.

Ummi, ki ji ni da kyau. Ambulan ba za ta kayar da ke ba, na san halinki, za ki jefa wa mai ita a fuska. Abin da zai zo miki ba zai yi kama da cin hanci ba. Zai zo a gaisuwa. Zai zo a kwanon abinci ranar da ba ki da lafiya, a mota ranar da kika rasa mota, a turmin atamfa da za a kai wa Innarki a nan gida ba tare da kin sani ba. Na riga na gaya mata duk abin da aka kawo daga yau a mayar. Ki yi zumunci da mutanen garin, ki je suna, ki je ta'aziyya, amma duk wanda kayansa ke bi ta gabanki kada ki bari ya yi miki alherin da ba za ki iya ramawa a ranar ba. Ni na san yadda ake yi, sana'ata ce ta shekaru.

Kada ki ɗauka tuba ce ta fitar da ni daga harkar. Ciwon suga ne da gwiwa, da kuma tsoro da ya kama ni bayan an kori mutumin nan. Na tattara abin da na samu na koma shagon hatsi, na zama dattijon unguwa mai sahun gaba. Hamadu na bari a cikin ruwa, don shi ba shi da inda zai koma. Idonsa ya yi rauni, ba zai iya zura zare a allura ba yanzu. Kuma ki sani, littattafan da kika karanta har kika iya yi mana musu a zaure, da wannan shinkafar aka saye su. Ban faɗa don in ɗaure ki ba. Na faɗa ne don wani zai faɗa miki a can, ranar da yake so ki sunkuyar da kai, gara ki fara ji daga bakina.

Game da musunmu kuwa, ko haraji yana gyara cinikin ƙasa ko yana ɓata shi, na yi kwana da kwanaki ina juya shi, ban samu amsa guda ba. Na je Yola bara, na ga injinan casar shinkafa da ba su nan a da, na ga matasa suna aiki a ciki. Harajinsu ne ya kawo wannan, ba zan musa ba, a nan kin ci ni. Amma na shiga kasuwarsu na ga mace tana sayen shinkafa a gwangwanin madara don mudu ya fi ƙarfinta. Kuma injinan nan, ina kike tsammani suke samun wani ɓangare na abin da suke casawa? Shanshera ce ta Maga, wadda ba a casa ba, 'ya'yan su Daniyel ke sayar musu, don sun fi mu biya. Tamu tana tafiya can da ɓawonta, mu kuma muna cin ta ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba. Abin da na gani da idona shi ne, in aka ɗora haraji ba a gyara wa manomi ruwa da hanya da inji ba, kuma maƙwabci bai ɗora irinsa ba, to mu 'yan bakin kogi aka yi wa aiki. In kuma aka cire shi rana ɗaya ba a yi wa kowa gargaɗi ba, wani yana can da shinkafa a rumbu yana jira. Kin yi gaskiya, na yi gaskiya, kuma wannan bai sanyaya min rai ba ko kaɗan. Ke da kika yi karatu, ki zauna a bakin ruwan nan shekara biyu, ki ga abin da takarda ba ta gani, sannan ki zo ki gaya min. Ni na tsufa, kuma ba ni da bakin yin hukunci a kan wannan.

Saura maganar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Shekaranjiya Bappanki ya zo bayan azahar, fuskarsa a sake. Ya zauna ya ce, "Yaya, Allah ya yi mana gyara. Yanzu muna da namu a ciki."

Na ce, "Hamadu, ba mu da kowa a ciki. Yarinyar nan aikinta za ta yi."

Ya ɗauka wasa nake. Da ya ga ban yi dariya ba, ya ce, "Ba cewa na yi ta ɗauki kaya a ka ba. Ta duba gabas in ina yamma, shi ke nan. Ba kai ka koya min haka ake yi ba?"

Na ce, "Ni na koya maka. Ita ba zan koya mata ba. Ka bar ruwan nan, ka zo mu raba shago."

Ya ce, "Shagon da kai kaɗai ma da ƙyar yake riƙe ka? Mutum goma sha ɗaya ke ci a gidana." Sannan ya ce, "Ina kan kekena ka zo ka ɗauke ni. Na ce maka ina tsoron ruwa. Yanzu ka fita ka bushe, ka turo 'yarka ta kama ni."

Duk abin da ya faɗa haka ne. Ya sa takalminsa ya fita bai yi sallama ba. Jiya a masallaci ya sauya sahu. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni na goya shi ranar da aka binne mahaifiyarmu, kuma ni na lalata masa rayuwa. Ba zai daina ba, Ummi, ba shi da yadda zai daina. Zai zo ta gabanki.

Ranar da hakan ta faru, ga abin da zai biyo baya, don na san gidanmu. Matansa za su zo nan su zube a tsakar gida suna kuka. Goggonninki za su ce kin ci amanar jini. Limamin unguwa zai zo ya yi min maganar zumunci. Innarki za ta daure kwana ɗaya, a na biyu ta karaya. Ni kuma, da kike gani na rubuta duk wannan, na san kaina. Mutumin da ya kasa aika wa Daniyel saƙo, ya kasa amsa miki tambaya ɗaya a zaurensa, ba zai iya kallon 'ya'yan ƙanensa suna kuka ya yi shiru ba. Zan ɗauki waya in kira ki. Zan ce miki sau ɗaya ne kawai. Zan iya ma kiran sunanki na yanka, abin da ban taɓa yi ba, don in karya miki zuciya.

Kada ki ɗauka.

Ko sau goma na kira, ki bar ta ta yi ta ƙara. Ki rubuta abin da kika gani yadda kika gan shi, ki sa hannu, ki miƙa. Kada ki wulaƙanta shi, Bappanki ne, ki gaishe shi yadda kika saba, ki tabbata ba a taɓa lafiyarsa ba. Iyalinsa kuma nauyina ne, ba naki ba, ko gidan nan zan sayar zan ciyar da su, ni na jawo. In na yi fushi da ke bayan haka, in na ƙi amsa gaisuwarki wata ɗaya ko wata biyu, ki zo gida duk da haka, ki ci abinci, ki kwana a ɗakinki. Ki adana takardar nan. Yau da hankalina nake magana, ranar kuwa ba zan kasance da shi ba, don haka ta yau za ki bi.

Allah ya tsare min ke daga sharrin ruwa da sharrin hanya, da sharrin mai zuwa da murmushi. Allah ya ba ki ƙarfin da ubanki bai samu ba. Allah ya ji ƙan Daniyel da Usmanu yadda ya ga dama da rahamarsa, ya shirya Hamadu, ya sa ya yafe min kafin ɗayanmu ya kwanta dama. Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ke lafiya, ya yi miki albarka duniya da lahira.

Wassalam.

Mahaifinki,
Alhaji Sale